Rigar Katako Mai Shan Iska: Dabarar Kare Gini Daga Danshi

A ƙasashen da ruwan sama ke zuba kusan duk shekara, babban abokin gābar gini shi ne danshin da ke maƙalewa a cikin bango. Hanyoyi biyu magina ke bi wajen yaƙarsa. Ta farko ita ce a toshe fuskar bango ta yadda ruwa ba zai sami kafa ba, kamar yadda magini Bahaushe ke yin yaɓe da makuba. Ta biyu kuwa, wadda ita ce abin nazari a nan, ita ce a sanya wa bango riga ta falankan katako, amma a bar rata tsakanin rigar da jikin bangon domin iska ta riƙa zagayawa. An zaɓi kalmar "riga" ne saboda abu ne da ake sanyawa a bisa jiki, ba fatar jikin ba ce.

Ana danganta asalin wannan dabara da manoman ƙasar Norwe, waɗanda suka daɗe suna rufe rumbunansu da falankai masu kafofi. Masana kimiyyar gini ne suka fito da hikimar da ke ciki daga baya, musamman G. K. Garden na Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Kanada, a wata maƙala da ya wallafa a 1963. Bayaninsa shi ne, ruwa ba ya kutsawa cikin bango sai abubuwa uku sun haɗu: ruwa a fuskar bangon, da kafar da zai bi, da kuma ƙarfin da zai tura shi. Toshe kowace kafa abu ne mai wuya, domin zafi da sanyi kan tsaga abin da aka liƙe. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rage ƙarfin turin. Idan iska na shiga bayan falankai, matsinta a ciki da waje kan kusa daidaita, sai ruwan ya rasa mai ingiza shi.

Ga yadda ake tsara aikin. Da farko a shimfiɗa wa bangon wata shimfiɗa da ke hana ruwa shiga amma take barin tururi ya fita. Sai a kafa siraran sandunan katako a tsaye, sannan a buga falankan a kansu. Kaurin sandunan shi ne faɗin ratar. Akan bar ƙofar iska a sama da ƙasa, a rufe ta da raga saboda ƙwari da ɓeraye. Ɗan ruwan da ya tsallake falankan sai ya gangara ya fice ta ƙasa, ragowar laimar kuma iska ta busar da ita. Wannan bushewa ita ce ginshiƙin al'amarin, domin naman gwarin da ke ruɓar da katako ba ya samun wurin zama matuƙar danshin katakon bai haura kashi 20 cikin ɗari ba.

Lardin Biritish Kolombiya na Kanada ya koyi wannan darasi da tsada. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990 an gina ɗimbin gidaje a birnin Bankuba da kewayensa, masu bangon da aka liƙe fuskarsa ba tare da rata ba. Ruwa ya shiga ya rasa mafita, ginshiƙan katako suka ruɓe daga ciki, masu gidaje da dama suka shiga bashin gyara. A 1998 gwamnatin lardin ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin tsohon firimiya Dave Barrett, kuma dokar gini ta 2006 ta wajabta barin ratar da ba ta gaza milimita 10 ba a yankunan gaɓar teku masu yawan ruwa.

Dangane da irin katakon, ana fifita mai tauri saboda jimirinsa ga ruɓewa, kamar ipe na Birazil da kuma loko na dazuzzukan Afirka ta Yamma, wanda ’yan kasuwa suka fi sani da iroko. Sai dai taurin na da nasa sharuɗɗan. Dole a huda falanki kafin a ɗaure shi, in ba haka ba ya tsage. Ƙusar baƙin ƙarfe kan bar baƙin tabo a jikin wasu itatuwan, don haka ake amfani da ƙarfe marar tsatsa. Haka kuma akan bar ’yar tazara tsakanin falanki da falanki, domin katako na kumbura da damina, ya tsuke da rani. Kafintan da ya matse su don neman kyau, ba da jimawa ba zai ga sun lanƙwashe.

Akwai kuma batun gobara, domin ratar da ke jan iska kan ja harshen wuta zuwa sama. Saboda haka ake datse ta da shinge a tsakanin hawa da hawa. Bayan gobarar benen Grenfell da ke Landan a 2017, wadda ta ci rayuka 72, ko da yake rigarsa ba ta katako ba ce, Ingila ta hana amfani da kayan da ke kama wuta a bangon waje na sababbin gidajen kwana da tsayinsu ya haura mita 18, tun daga ƙarshen 2018.