Shekarar Kulle A Fadamar Rima: Abin Da Ta Koya Mana Game Da Zaman Aure

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Wurno da Goronyo cikin watan Maris, zai ga fadamar gulbin Rima ta yi kore shar, ko da yake tudu ya bushe ƙayau. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama gininta a 1984, da tsohon aikin ban ruwa na Wurno, su ne suka sa noman rani ya zama abin dogara ga gidaje masu yawa. Mutanen Rabah kuma suna da tasu fadamar a bakin gulbin Sakkwato. Lokacin nan ne ake cire albasa da tafarnuwa, manyan motoci suna lodi zuwa kudu, manomi yana lissafin bashin da zai biya.

A daidai wannan lokaci ne cutar korona ta same mu a 2020. Mun sha yin magana a kan hasarar amfanin gona da aka yi a shekarar nan. Yau muna so mu duba wata hasara wadda ba a auna ta da buhu, wato ta kwanciyar rai da zaman lafiya tsakanin miji da mata.

Yadda aka rufe hanyoyi

Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na fari mai cutar a Ikko. Kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu, Gwamnatin Jihar Sakkwato kuma ta rufe hanyoyin shiga jihar. Ran 20 ga Afrilu aka ba da sanarwar mutum na fari da ya kamu a Sakkwato. Daga 4 ga Mayu aka hana fita ko'ina cikin ƙasa daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, ba a kuwa buɗe tafiya tsakanin jihohi ba sai 1 ga Yuli. Iyakar Illela dā ma a rufe take tun Agusta 2019, sai Disamba 2020 aka buɗe ta.

Ba a kulle mu cikin ɗaka kamar mutanen Ikko ko Kano ba. Amma rufe hanya ya isa. Ko da yake doka ta yarda motocin abinci su wuce, shingaye sun yi yawa, kuɗin mota ya hau, fatake suka ja baya. Albasa kuwa ba ta jiran kowa. Masu cin rani waɗansu suka maƙale a kudu, waɗansu suka komo hannu rabbana. Easter da azumin maƙwabtanmu Musulmi duk cikin wannan hali aka yi su.

Abin da ya faru cikin gida

Bari mu ɗauki misali. A ce ga magidanci ya ci bashin taki da man injin ban ruwa, da niyyar ya biya in ya sayar da albasa. Dillali bai zo ba, albasa ta soma ruɓa. Bai gaya wa matarsa ba, gama yana ganin ba mutuncin namiji ba ne ya yi kuka gaban mace. Da safe ta ce, "Maigida, yau ba gishiri, ba mai." Shi abin da ya ji, ana ce masa ya kasa. Sai ya daka mata tsawa. Ita kuwa ba ta san komi game da bashin ba, sai ta ɗauka rowa ce, ko kuwa kuɗin suna zuwa wani wuri.

Ita ma tana da nata nauyin. Yara duka suna gida, baki ya ƙaru a kan tukunya. Ƙosai da ƙuliƙulin da take yi ba masu saye, don masu sayen ma ba su da kuɗi. Adashi ya tsaya. Biki da suna da taron Zumuntar Mata, inda takan sami 'yan'uwa ta sauke abin da ke ranta, duk sun ragu. Shi kuma kasuwa da majalisar hira ta dare, inda yakan huce, dokar hana fita ta raba shi da su. Ga mutum biyu, kowa cikinsa cike, an haɗa su wuri ɗaya dare da rana.

Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma abin da muka lura shi ne, kulle bai kawo sabuwar cuta cikin aure ba. Tsohuwa ya tona: miji da mata suna cin tuwo ɗaya, amma ba su san lissafin juna ba. Gidan da mace ta san dami nawa ya rage a rumbu, ta san nawa ake bin mijinta, ya sha wuya shi ma, amma wuyar ba ta zama gaba ba.

Ba mu kaɗai ba ne. Cikin Afrilu 2020 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya yi kira ga ƙasashe su tsare mata daga duka cikin gidajensu. Cikin Yuni na shekarar nan gwamnonin Nijeriya suka ce fyaɗe da cin zarafin mata sun kai matsayin da za a ɗauki matakin gaggawa. A Maris 2022 Hukumar Lafiya Ta Duniya ta ba da labari cewa ciwon fargaba da na baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya cikin shekarar fari ta annobar.

Damuwa ciwo ce

Mu manoma mun san alamun tsutsa a dawa, mun san akuya mai ciwo tun daga tafiyarta. Ya kamata mu san alamun damuwa ga mutum. Ga su: rashin barci, ko farkawa tun tsakar dare da tunani, rashin cin abinci, saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, faɗuwar gaba, ciwon kai da na jiki wanda magani ba ya ji, janye jiki daga mutane, barin aikin da mutum ya saba ƙauna, komawa ga giya ko ƙwaya. In waɗannan suka wuce mako biyu ba sauƙi, a nemi taimako. In mutum ya soma cewa gara ya mutu, kada a ɗauka wasa ne, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti a ranar.

Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, ba kuwa abin kunya ba ne. Ku tuna da annabi Iliya sa'ad da ya gudu jeji, ya gaji har ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai fara da tsauta masa ba. Abinci da ruwa da barci ya fara ba shi, daga baya ya yi magana da shi. Addu'a da magani ba abokan gaba ba ne. Muna da asibitin Gwamnatin Tarayya na ciwon ƙwaƙwalwa a Kware, nan kusa da Sakkwato, ba kuwa don masu yawo a titi kaɗai aka gina shi ba. Malamin asibiti na garinku zai iya ba da takardar zuwa can.

Abin da ƙungiyar gama kai za ta yi

Hukumar Lafiya Ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ran 5 ga Mayu 2023. Amma a gabashin Sakkwato mun ga hanya tana rufuwa ba don cuta kaɗai ba. Ran 27 ga Mayu 2020, ana cikin kulle, 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Oktoba 2021 suka afka wa kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka rasu. Duk ranar da tsoro ya hana mutum zuwa gona ko kasuwa, nauyin a gida yake sauka. Saboda haka ga shawarwarinmu:

Na ɗaya, in ƙungiya za ta ba da rancen taki ko iri, a kira miji da mata tare, a karanta musu adadin da ranar biya. Ba raina maigida ba ne, raba masa kaya ne.

Na biyu, kowane gida ya zauna sau biyu a shekara, bayan kaka da bayan cire albasa, a ƙidaya abin da ke rumbu, a ware na ci, da na iri, da na sayarwa. Jarin mace nata ne, kada a taɓa shi sai da yardarta.

Na uku, ƙungiya ta ajiye rumbun tsimi. Kowa ya zuba 'yan tiyoyi da kaka, a ranta wa wanda ya shiga ƙunci, ya mayar in ya samu. A kuma rubuta tun yanzu cewa in hanya ta rufe, za a ɗaga ranar biyan bashi.

Na huɗu, a zaɓi dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga Zumuntar Mata, masu riƙe asiri, su riƙa zaga gidaje. In ba a ga mutum a sujada ko a gona ba mako biyu, a je a gaishe shi.

Na biyar, duka ba horo ba ne. Kada dattawa su ce wa macen da ake duka ta koma ta yi haƙuri kawai. A fara tsare lafiyarta, sa'an nan a yi sulhu. Tun 2021 Jihar Sakkwato tana da dokar hana cin zarafin mutane, ta kuwa shafi abin da ake yi cikin gida.

Mu masu bi kaɗan ne a waɗannan garuruwa, rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, kasuwa ɗaya muke ci. In aka ga gidajenmu suna zaman lafiya cikin tsanani, wannan ma shaida ce. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su karanta wannan a taronsu na gaba, maza da mata suna zaune, su kuma aiko mana da abin da suka shirya. Ubangiji ya ba gidajenmu salama.