Yadda Za A Hana Rediyo Da Lasifika Jijjiga

A Tsanyawa da ƙauyukanta, kamar 'Yankamaye da Dumbulun, da wuya a shiga gida ba a tarar da rediyo ba. Ta nan manomi yake jin labarin taki da na damina, uwargida take jin sanarwar rigakafin yara. A yanzu kuma an sami ƙananan lasifikoki masu caji da ake haɗawa da wayar hannu. Sai dai sau da yawa da an ƙara murya sai a ji wata ƙara "zzz", magana ta daina fita sosai. Mai rediyo sai ya zaci ta lalace, ya kai wa mai gyara, alhali lafiyarta ƙalau. Laifin yana wurin da aka ɗora ta.

Daga ina jijjigar take zuwa?

A cikin yawancin lasifikoki akwai wata takarda mai siffar mazurari. Idan wuta ta shiga, takardar takan yi gaba ta yi baya da sauri, ta kaɗa iska, kamar yadda fatar ganga take yi. Kunnen ɗan Adam yana jin kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Amma ba iska kaɗai take kaɗuwa ba. Akwatin ma yana rawa, musamman da babban amo irin na ganga. Rawar takan bi ta gindin akwatin ta shiga tebur, daga nan ta kama duk abin da ke kansa. Shi ya sa rediyon da aka ɗora a kan kabet ɗin jere take sa kwanuka da tasoshin amarya kuka, ta teburin mai shayi kuma take sa kofuna da cokula ƙara.

Mai son ya gani da idonsa ya zuba ƙwayar gero kaɗan a faranti, ya ajiye kusa da lasifikar, ya ƙara murya. Idan geron ya kama rawa, to jijjiga tana bin teburin.

Ɓarnar da take yi

Ban da ɓata murya, jijjiga tana sassauta kusoshi da mazaunin batir, tana kuma tsinka dalmar da aka liƙe wayoyin ciki da ita. A kan tebur mai santsi ƙaramar lasifika takan yi ta matsawa kaɗan-kaɗan har ta faɗo ƙasa. Masu rakoda kuwa su sani zaren kaset yana tafiyar santimita 4.76 ne a daƙiƙa, girgiza kaɗan takan sa murya ta yi rawa.

Maganin abin

Duk wanda ya lura da injin niƙa ko janareto ya ga ana ɗora su a kan tsohuwar taya ko ƙafafun roba. Robar ce take shanye girgizar kafin ta isa ƙasa. A ƙasashen Turai ana sayar da irin waɗannan ƙafafu musamman don kayan sauti, da tsada. Amma a ƙauye ana iya yin su ba tare da kashe ko sisi ba.

Na farko, a sami tsohon silifas mai laushi, ko robar cikin tayar babur a ninka ta. A yanka guda 3, kowane faɗinsa kamar murfin kwalbar lemo, kaurinsa kamar yatsa.

Na biyu, a sa biyu a gaba, ɗaya a baya. Dalilin uku shi ne na murhu: tukunya ba ta gurguncewa a kan duwatsu uku, ko da ƙasa ba ta daidaita ba. Idan akwatin dogo ne mai iya kifewa, a sa 4.

Na uku, a duba yadda robar ta ɗauki nauyin. Ana so ta lotsa kaɗan kawai. In ta yi tauri ba ta lotsa ba, jijjiga za ta wuce. In kuma ta baje gaba ɗaya, nan ma za ta wuce. Babbar lasifika tana son roba mai kauri, ƙaramar rediyo kuwa guntun soson katifa ya ishe ta.

Na huɗu, a raba lasifika da sauran kaya. A masallaci ko wurin biki kada a ɗora amfilifaya da makirfo a kan lasifika ko a tebur ɗaya da ita, kuma kada lasifikar ta fuskanci makirfo, don shi ne yake jawo kukan nan mai huda kunne.

Abin kiyayewa

Kada a ɗora amfilifaya a kan katifa ko bargo da sunan hana jijjiga. Ramukan da ke ƙasanta na shan iska ne, in aka toshe su za ta yi zafi ta ƙone. Kada kuma a rataye rediyo a jikin ƙyauren kwano. Dandamalin ƙasa ko benci mai nauyi ya fi.

Idan an yi duk wannan amma ƙarar ba ta tafi ba, mai yiwuwa takardar lasifikar ce ta yage ko wata kusa ta kwance. A nan ne ya kamata a nufi mai gyara. Kafin nan dai, a fara gwada tsohon silifas. Rigakafi ya fi magani.