Ko Kun Sani? Kwalta da Tsakuwa Sun Ishi Hanyar Shiga Gida

A karkarar Amurka, masu gidaje da yawa ba sa shimfiɗa kwaɓaɓɓiyar kwalta a hanyar da mota ke bi zuwa ƙofar gida. Sai a daɓe ƙasa, a fesa narkakkiyar kwalta, a watsa tsakuwa tun kwaltar da zafinta, sannan rola ta danne. Aikin ya fi arha, kuma hanyar ba ta santsi idan an yi ruwa. Gaskiya ne irin wannan hanya ba ta kai kwaɓaɓɓiyar ƙarko ba: shekara 7 zuwa 10 take yi, tsakuwa kuma takan ɓalle. Amma hanyar gida ba tireloli ke bin ta ba, kuma in ta tsufa, sabon shafi kawai ake ƙara mata.