Tsibirin Unguja: Gaɓar Teku, Daji da Tarihi a Wuri Guda

Unguja, babban tsibirin Zanzibar da ke Tekun Indiya, na daga cikin wuraren hutun da suka haɗa gaɓar teku da daji da al'ada. Farin yashin Nungwi da Paje ne ke fara janyo baƙi. A cikin tsibirin kuwa akwai gandun dajin Jozani, mazaunin wani nau'in jan biri da asalinsa na Unguja ne kaɗai.

Tsohon birnin Zanzibar, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ya bunƙasa ne da cinikin kanumfari da hauren giwa da bayi, musamman bayan Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa can. An rufe kasuwar bayin a 1873, aka gina majami'a a gurbinta.

Sai dai yawon buɗe ido ya zo da nasa ƙalubalen. Otal-otal na gogayya da ƙauyuka wajen ruwan sha, suna kuma matse gaɓar da masunta da mata masu noman ciyawar teku ke neman abinci. Idan sana'o'in nan suka gushe, al'adar da baƙo ya zo gani ita ma za ta gushe.