Daɓe da rufi: fassarar kalmomi biyu na cinikin hannun jari na yini guda

1. Gabatarwa

Cinikin yini guda shi ne a sayi hannun jari a kuma sayar da shi kafin kasuwa ta tashi, a Paris misali tsakanin ƙarfe 9 na safe da 5 da rabi na yamma. Masu wannan sana'a suna dogara ga ma'anoni biyu da faransanci ke kira support da résistance. A nan za mu bayyana su, sannan mu kawo kalmomin hausa da muke ganin sun dace.

2. Ma'anonin biyu

Mu ɗauki hannun jarin da farashinsa ya sauka zuwa yuro 48 har sau uku, kowane karo masu saye su yi yawa ya koma sama. Wannan mataki shi ne support. In kuma ya hau zuwa 50 sai masu sayarwa su taso ya juyo, wannan shi ne résistance. Ɗan kasuwa yakan saya kusa da 48, ya sayar kusa da 50, ya kuma bar umarnin a sayar masa nan take in farashi ya faɗi ƙasa da 48, don asara ta tsaya nan.

Ana gane matakan ne daga mafi tsada da mafi arhar farashin jiya, ko daga lambobi cikakku kamar 50 da 100, inda umarnin saye da sayarwa suke taruwa. Carol Osler ta nuna a shekarar 2000 cewa, a kasuwar canjin kuɗi, farashi yakan juya a irin waɗannan wurare fiye da yadda sa'a kaɗai za ta bayar.

3. Zaɓen kalmomi

Kalmar "matokari" tana kusa da support, amma ba ta da abokiya. Mun fi son "daɓe" da "rufi", domin suna ɗauke da wani abu da ƴan kasuwa suka lura da shi: in farashi ya fasa 50 ya wuce, sau da yawa 50 ɗin ce ke zama sabon wurin tsayawarsa in ya dawo. Haka yake a gidan bene: rufin ɗakin ƙasa shi ne daɓen na sama.

4. Kammalawa

Sai dai kalmar gini tana iya sa mai karatu ya zaci abin yana da ƙarfi. Matakan nan sawun halin masu ciniki ne kawai, labari ɗaya yana iya rushe su cikin minti. Binciken Barber da Odean da abokansu a kan kasuwar Taiwan, daga 1992 zuwa 2006, ya gano cewa ƙasa da kashi 1 cikin 100 na masu cinikin yini guda ne ke cin riba a kai a kai bayan an cire kuɗin dillanci. Saboda haka, duk ƙamus da zai shigar da "daɓe" da "rufi", ya kamata ma'anar da zai bayar ta faɗi a fili cewa suna fashewa.