Alƙali Babu Dogari: Hujjar Masu Neman Gwamnatin Duniya

A ƙarshen watan Yunin 1936, Sarkin Habasha Haile Selassie ya tsaya gaban taron Ƙungiyar Ƙasashen Duniya a birnin Geneva yana kai kukan jama'arsa. Tun Oktoban 1935 sojojin Italiya suka auka wa ƙasarsa, har da zuba wa mutane guba daga jiragen sama. Habasha mamba ce a ƙungiyar, Italiya ma haka, kuma yarjejeniyar da duka biyun suka sa wa hannu ta haramta wannan ta'asa. Wakilai suka saurara. Ko wata guda ba a yi ba ƙungiyar ta janye ɗan takunkumin da ta ƙaƙaba wa Italiya, wanda tun farko ma bai taɓa man fetur ba. Bayan shekara uku Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke.

Daga irin wannan ne masu neman a kafa gwamnatin duniya suke ɗauko hujjarsu. Ba su cewa mutane za su wayi gari sun zama mala'iku. Cewa suke yi a dubi gari ɗaya kawai. Maƙwabta na rigimar iyakar gona, 'yan'uwa na jayayyar gado, amma ba kasafai ake zub da jini ba, domin akwai alƙali, kuma a bayan alƙali akwai dogari. Tsakanin ƙasashe kuwa kowa alƙalin kansa ne. Wanda ya san babu mai ƙwato masa haƙƙinsa dole ya tanadi makami, maƙwabcinsa ya gani ya tsorata, shi ma ya tanada. A haka ko da duka shugabannin mutanen kirki ne, tsoro kaɗai ya isa ya kunna wuta.

Tarihi na ba su goyon baya gwargwado. Kano da Katsina sun sha gwabzawa a ƙarni na 16 da na 17, ragowar ganuwarsu na nan shaida. Yau in jihohin biyu suka sami saɓani, lauyoyi za su tura Kotun Ƙoli. Ba halin mutanen ne ya sauya ba, hukuma ɗaya ce ta haɗa su. Faransa da Jamus sun yi yaƙi a 1870 da 1914 da 1939. A ranar 9 ga Mayun 1950 ministan harkokin wajen Faransa, Robert Schuman, ya ba da shawarar a ɗanƙa kwal da ƙarfen ƙasashen biyu a hannun hukuma guda, tunda da su ake ƙera kayan yaƙi. Ƙasashe shida suka amince a 1951, suka kuma kafa kotun da hukuncinta ke hawa kan gwamnatocinsu. Daga nan Tarayyar Turai mai mambobi 27 ta tsiro, kuma har yau ba a taɓa jin mambobinta biyu sun yaƙi juna ba.

Abin da ya mai da zancen na gaggawa shi ne bama-baman da Amurka ta jefa wa Hiroshima da Nagasaki a watan Agustan 1945. Albert Einstein ya shafe sauran shekarunsa yana kiran a kafa hukumar da ta fi ƙarfin ƙasashe, wadda ita kaɗai za ta riƙe irin wannan makami. A 1958 wasu masana shari'a biyu, Grenville Clark da Louis Sohn, suka fitar da cikakken tsari: a kwance ɗamarar kowace ƙasa daki-daki ƙarƙashin idon masu bincike, a kafa rundunar 'yan sandan duniya, a kuma wajabta wa kowa zuwa kotu. Ya kamata mai karatu ya lura da ƙanƙantar abin da suke nema, don nan ne aka fi yi musu mummunar fahimta. Babu batun harshe ɗaya ko addini ɗaya, babu wanda zai zo daga New York ya tsara wa mutane aure da gado. Kowace ƙasa za ta ci gaba da harkokinta. Abu guda za a karɓe mata: ikon yanke wa kanta hukunci da bakin bindiga.

Wani zai ce ai ga Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mambobi 193, ga Kotun Duniya a birnin Hague. Haka ne, kuma mu a wannan yanki mun ga amfanin kotun da idonmu. Chadi da Libiya sun zub da jini kan zirin Aouzou. Kotu ta yanke hukunci a 1994, cikin 'yan watanni Libiya ta kwashe sojojinta. Nijar da Benin sun daɗe suna ja-in-ja kan tsibirin Lete da ke cikin Kogin Kwara, a 2005 kotu ta ce na Nijar ne, magana ta ƙare. Mafi ɗaci shi ne Bakassi. A ranar 10 ga Oktoban 2002 kotu ta bai wa Kamaru yankin, alhali sojojin Najeriya ne a wurin kuma 'yan Najeriya ne mafi yawan mazaunansa. Shugaba Obasanjo na Najeriya da Shugaba Biya na Kamaru suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙawa a Agustan 2008. Har gobe akwai masu jin zafin abin, kuma mazaunan da suka rasa matsuguni na da haƙƙin yin ƙorafi. Amma ba a binne dubban samari a kansa ba.

Sai a juya a dubi manya. A 1986 kotun nan ta sami Amurka da laifin dasa nakiyoyi a tashoshin jiragen ruwan Nikaragwa da tallafa wa 'yan tawayenta. Amurka ta ce ba ta san zance ba. Dokar Majalisar ta ce wanda aka ƙi bi wa hukunci ya kai ƙara Kwamitin Sulhu. Nikaragwa ta kai, Amurka ta hau kujerar na-ƙi, shi ke nan. A Maris ɗin 2022 kotun ta umarci Rasha ta dakatar da farmakinta a Yukren, ita ma ta yi kunnen uwar shegu. Ƙasashe biyar ne, Amurka da Rasha da Sin da Birtaniya da Faransa, aka ɗora wa tsaron duniya, kuma kowacce na iya rushe duk hukuncin da ya shafe ta ko ƙawarta. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Ko ƙananan ma Majalisar ba ta da dakarun kanta da za ta kare su, roƙo take yi a ba ta aro. A Afrilun 1994, ana tsakiyar kisan ƙare-dangi a Ruwanda, Kwamitin Sulhu ya rage dakarunsa zuwa 270. An kashe mutum kusan 800,000. A shekarar 2024 kuɗin da duniya ta kashe kan soja ya kai dala tiriliyan 2.7, yayin da kasafin gudanar da Majalisar bai kai dala biliyan 4 ba. Ƙasashe tara na riƙe da makaman nukiliya kimanin 12,000.

To me ya hana a rungumi shawarar? Akwai tsoro, kuma ba na banza ba ne. In sarki ya yi zalunci, talaka na iya ƙaura zuwa wata ƙasa. In gwamnatin duniya ta lalace, ina za a yi hijira? Shi kansa Immanuel Kant, wanda ya rubuta littafi kan zaman lafiya na dindindin a 1795, wannan fargabar ce ta sa ya karkata ga ƙawancen ƙasashe masu 'yanci. Mu 'yan Afirka muna da ƙarin dalili. A taron Berlin na 1884 zuwa 1885 da sunan doka da wayewa aka tsara yadda za a kasafta nahiyar, babu ɗan Afirka ko ɗaya a zauren. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta soma aiki a 2002, ta shafe shekarunta na farko 'yan Afirka kawai take gurfanarwa, alhali Amurka da Rasha da Sin ba su ma shiga cikinta ba. Sannan gwamnati ɗaya ba ta hana yaƙin basasa: Najeriya ta gani daga 1967 zuwa 1970, Sudan na gani tun Afrilun 2023. Ga kuma rigimar ƙuri'a. In da yawan jama'a za a bi, Indiya da Sin, kowacce da mutum sama da biliyan 1.4, za su danne kowa. In kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya ce, su kuma ba za su yarda ba.

A ganina waɗannan dalilai sun nuna irin gwamnatin da ba a so, amma ba su karya hujjar ba. Mai tsoron kada ƙarfi ya taru a hannun 'yan tsiraru ya duba da kyau: ya riga ya taru, sai dai babu dokar da ta ɗaure shi. Zaman kashin dankalin da ake gudu, a cikinsa ake. Raunana su ne suka fi kowa bukatar doka mai haƙori, domin mai ƙarfi ko babu kotu zai ƙwaci nasa har ya haɗa da na wani.

Kuma miƙa wuya ga dokar duniya ba baƙon abu ba ne. Jirgin da ke ɗaukar alhazai daga Kano ko Yamai zuwa Jidda ƙa'idojin hukumar jiragen sama ta duniya yake bi, babu mai cewa an taɓa 'yancin ƙasarsa. Da haɗin guiwar Amurka da Tarayyar Sobiyet, a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, aka kawar da cutar agana, aka yi shelar hakan a 1980.

Matakan da ake magana a kansu yanzu ƙanana ne. Tun 2005 Tarayyar Afirka ke neman kujeru biyu na dindindin a Kwamitin Sulhu. Faransa da Meziko sun nemi manyan biyar su daina hawa kujerar na-ƙi in ana kisan gilla. Tun 2022 duk lokacin da wata ƙasa ta hau kujerar, sai Babban Zauren Majalisar ya zauna ya tattauna batun. Cikas ɗin shi ne sashe na 108 na kundin Majalisar: ba a gyara kundin sai kashi biyu cikin uku na mambobi sun amince, ciki har da duka biyar ɗin. Duk da haka an taɓa yi. A 1963 sababbin ƙasashen Afirka da Asiya suka matsa a ƙara kujerun Kwamitin daga 11 zuwa 15. Faransa da Tarayyar Sobiyet suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa, Amurka da Birtaniya suka ƙaurace. Zuwa 1965 dukansu huɗun sun rattaba hannu.