Na'urar Gwajin Rediyon Oba-oba da Abin da Take Aunawa

Na'urar gwajin rediyo akwati ne guda da ya haɗa kayan awon da a da sai an jera su ɗaya bayan ɗaya a teburin mai gyara: mai ƙirƙirar sigina, ma'aunin ƙarfin watsawa, ma'aunin zango, da allon da ke nuna yadda sigina ya bazu. Da ita ake duba oba-oban 'yan sanda, na masu kashe gobara, na jiragen ruwa, da rediyoyin masu sha'awa, wato masu lasisin hira da juna ta iska ba don kasuwanci ba. Cikin sanannun samfura akwai Marconi 2955 ta Ingila, da IFR 1200 da HP 8920 na Amurka.

Dalilin buƙatarta shi ne kunne ba ya isa shaida. Rediyo biyu a ɗaki guda za su ji juna tangaran ko da ɗayan ya yi asarar rabin lafiyarsa. Sai an yi nisa aibin yake bayyana.

Awo yakan fara daga ɓangaren watsawa. Ana cire eriya, a haɗa rediyon da na'urar ta kebul, domin a cikinta akwai abin da ke shanye ƙarfin, mai om 50, wanda ke tsayawa a madadin eriya ba tare da sigina ya fita ya dami kowa ba. Da an danna maɓallin magana, allo zai nuna ƙarfi: kusan wat 5 ga na hannu, wat 25 zuwa 50 ga na mota. Zai kuma nuna yawan kaucewar rediyon daga zangonsa. Kuskuren kashi 2.5 cikin miliyan kamar ba komai ba ne, amma a megahaz 450 ya haura kilohaz 1, kuma wannan ya isa ya ɓata murya a ƙunƙuntacciyar tasha.

Awo na uku a nan shi ne na lilon sigina. A tsarin FM murya ba ta ƙara wa sigina ƙarfi, kaɗa zangon take yi sama da ƙasa. Tashar da ke da faɗin kilohaz 25 tana yarda da lilon da bai wuce kilohaz 5 ba, mai faɗin 12.5 kuwa 2.5 kawai. Idan lilon ya yi kaɗan murya ta shaƙe, idan ya yi yawa ta fashe, ta kuma fantsama cikin tashar maƙwabta. Tun daga 1 ga Janairu 2013 hukumar sadarwa ta Amurka ta wajabta wa yawancin masu oba-oba na kasuwanci da na tsaro komawa ƙunƙuntaccen faɗin, don haka rediyon da ya fito daga can na iya zuwa da saitin da bai dace da na abokan hirarsa ba.

Gwajin ɓangaren karɓa ya fi buƙatar natsuwa, kuma a nan ne na'urar ke biyan kuɗinta. Tana aika wa rediyon sigina mai ɗauke da sautin kilohaz 1, da lilon kashi 60 cikin 100 na iyakar tashar, sannan a maido mata sautin daga wayar lasifika. Mai gwaji yana rage ƙarfin siginan sannu a hankali har ma'aunin SINAD, wanda ke kwatanta sautin da hayaniyar da ta cuɗanye da shi, ya sauka zuwa desibel 12. Rediyo mai lafiya yakan kai wannan matsayi da kusan maikrobolt 0.25. Wanda sai an ba shi maikrobolt 2 ko 3 ya kurumce, sau da yawa saboda tsawa ko wani rediyo mai ƙarfi da ya yi watsawa dab da shi. A zama guda ake duba matakin da lasifika ke buɗewa, da siririn sautin CTCSS, mai farawa daga haz 67, wanda ke hana rediyo jin waɗanda ba 'yan rukuninsa ba.

Allon bazuwar sigina yana tona abin da rediyo ke fitarwa ba da niyya ba. Mai watsawa a megahaz 145, cikin zangon masu sha'awa na 144 zuwa 146 da ake amfani da shi a Afirka da Turai, zai iya zubar da ragowa a 290 da 435 idan matatarsa ba ta da kyau, kuma wasu rediyoyin hannu masu araha sun yi suna a wannan. Da allon ne kuma ake daidaita matatun tashar maimaita saƙo, wadda a wannan zangon ke karɓa da watsawa lokaci guda da tazarar kilohaz 600 kacal.

Na'urar ita ma tana da wuraren rauni. Yawancin na'urorin suna da ƙofa mai jure ƙarfi, da wata mai tsananin ji wadda aka yi don sauraron iska. Danna maɓallin magana a ta biyun na iya ƙona ta nan take. Agogon cikinta na megahaz 10 shi ne mizanin duk wani awon zango, kuma yana kaucewa da shekaru, shi ya sa ake barin ta ta ɗumama kafin aiki, ake kuma gwada agogon da wanda ke bin GPS. Doguwar kebul ma tana cin nata rabon: asarar desibel 1 tana mayar da wat 50 kusan 40 a allo.

Yawancin na'urorin da masu sha'awa ke amfani da su 'yan gwanjo ne, waɗanda suka yi araha bayan tsofaffin tsarin wayar salula sun shuɗe. Suna auna FM da kyau, amma ba sa fahimtar rediyoyin dijital irin su DMR, P25 da TETRA, waɗanda ake auna jinsu da yawan kuskure a bayanan da suka iso. Wannan sai sabbin samfura, masu tsada ninkin ba ninkin.